Shekarar da Shukar Modu Ta Kama Bangon Ɗakina

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a unguwa, wai taurin kaina ne ya hana ubanku limancin masallacin ƙofar gidanmu. Wasunku sun tambaye ni na yi shiru, wasunku kunya ta hana su tambaya, amma ina ganin tambayar a idonsu. To yanzu haƙorana sun zube, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, in ban faɗa ba ƙarya ce za ta zauna a bakin jikokina. Ba zan tsaya lissafa muku shekaru ba, ban riƙe su ba. Abin da na sani shi ne, shekarar da Nasara suka kwashe biro-bironsu, wato ofisoshin mulkinsu, daga Damagaram suka koma Yamai ce, wai garinmu ba ruwa. A wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Ni Falmata, a lokacin ina goyon babbar yayarku. Gidanmu yana cikin Birni, a unguwar da Barebari suka fi yawa, sana'ata kuwa wadda na gada wurin uwata ce, haɗa turaren wuta da humra. Ubanku Malam Bukar, Allah Ya jiƙansa, shi ne na'ibin masallacin unguwa. Kakansa ne ya gina masallacin nan da hannunsa bayan sun zo daga Barno, limancin ya fita daga gidansu ne don uban Malam ya rasu Malam yana ƙarami. Wani dattijo ya riƙe, shi ya karantar da Malam ma, har gwiwoyi suka ci ƙarfinsa ya kasa tsayuwa. Kowa ya san in ya sauka Malam ne. Shi ba ya faɗa, mutum ne da sai ka ja magana daga bakinsa kamar guga daga rijiya mai zurfi, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san yadda masallacin nan yake a ransa.

Ina da ƙane, Modu, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage. Kuku ne a gidan wani lokotoro, wato likita, na bariki. Mutumin nan baƙi ne wuluk kamarmu, amma ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci, sai Faransanci, wai daga wani tsibiri yake can bayan teku. Da za su tashi zuwa Yamai ya ce sai da Modu, Modu kuwa dama ƙafarsa ƙaiƙayi take yi, ya amsa tun kafin a gama tambayarsa. Ana gobe za su tafi ya shigo mini da tukunya a ka, yana nishi. Ya sauke a tsakar ɗakina. Na duba, na ga wasu koren abubuwa dogaye, kaurin yatsa, masu ƙananan ƙaya, sun nannaɗe a jikin kara. Ba ganye ko ɗaya.

"Yaya, ajiya na kawo miki."

"Ajiyar me? Wannan igiyar?"

"Shuka ce. Daga gidan uwar Mushe, maigidana, ta fito. Ya ce ba za ta kai Yamai da rai a bayan kamyo, motar kaya, ba, ya ba ni, ni kuma ba ni da kowa sai ke."

"Ana cin ta?"

"Ba a ci."

"Magani ce?"

"A'a."

"To uban me take yi?"

"Fure take yi, Yaya. Sau ɗaya a shekara, cikin dare, kafin gari ya waye ya mutu."

Na ce lallai mutanen nan ba su da aikin yi. Ya yi dariya, ya zauna ya shiga jero mini dokokinta sai ka ce zai bar mini jariri. Wai kada ranar tsaka ta taɓa ta, za ta ƙone, amma kuma kada a sa ta a duhu, tana son hasken safe ta taga. Wai ƙasarta yashi ce da ɗan tsohon taki, gindin tukunyar a huje yake don kada ruwa ya kwanta. Wai kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe, da sanyi kuwa in bar ta da ƙishi, ƙishin nan ne yake sa ta fure. Na ce a fitar da ita tsakar gida mana, wa ya taɓa ajiye shuka a ɗakin kwana? Ya ce awaki, ya ce rana, ya ce don Allah. Ya ce zai dawo kafin ta yi fure ya karɓi abinsa. Na karɓa don ƙanena ne, kuma don ban san ko zan sake ganinsa ba.

Tun ranar da ya tafi na rasa zama wuri ɗaya. In na zauna daka kajiji sai in miƙe in leƙa zaure ko an yi sallama. In na kwanta sai in ji kamar an kira sunana. Duk fataken da suka sauka daga yamma sai na tura a tambaye su, kun ga wani dogo mai wushirya, kuku, sunansa Modu? Babu wanda ya gan shi. Abin da ba ni da inda zan kai shi sai na juye shi a kan tukunyar nan. Yau in ja ta nan, gobe in mayar da ita can, ina bin haske a ɗaki, har Malam ya fara tambaya kafin ya shigo ina aka ajiye ta yau, don ya sha tuntuɓe da ita. Kuma tausayi ya hana ni bin dokar ruwa. Mu a gidanmu baƙo ruwa ake fara miƙa masa, yaya zan sha in bar ta tana kallona? Na yi ta ba ta safe da yamma har gindin reshe ɗaya ya yi laushi, ya yi baƙi, ya fara wari. Ranar kuka na yi sosai, don na sa a raina in ta mutu Modu ma wani abu ya same shi. Na san shirme ne, a lokacin ma na sani, amma haka zuciyata ta ɗaure su wuri ɗaya. Na yanke ruɓaɓɓen da wuƙa, na shafa toka a bakin yankan, na sake mata busasshen yashi, na kama hannuna.

Bari in faɗa muku tun yanzu don kada ku yi ta jira. Modu lafiyarsa ƙalau. Yana can Yamai ya yi aure, ya yi tumbi, ya manta yana da yaya a duniya. Da ya ga dama ya zo bayan shekaru, ya shiga ɗakina ya ɗaga kai, ja'irin cewa ya yi, "Af, Yaya, ashe abin nan yana nan?" Wallahi da ba don furfurar da ta fara fito masa ba da na mare shi.

Daga ƙarshe na bar tukunyar a gefen tagar gabas, nan ta so. Da sanyi ya shiga na bar ta da ƙishi yadda aka ce, ina kallonta tana ɗan yamushewa, raina yana ɓaci. Wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga suka kama ta, na bi su ɗaya ɗaya da tsumma da ruwan toka. Da ɗumi ya dawo sai ta farka. Ta wuce karan da aka kafa mata, ta fid da wasu siraran saiwoyi daga jikinta, ta kama bango da su, ta hau, ta hau, har ta kai azara ta kwanta a jikinta. Na so in ja ta baya, na ga in na ja sai ta tsinke. Tun daga nan tukunyar ba ta ƙara motsawa ba, ta zama ita da ɗakin abu ɗaya.

Sai bazara ta zo, irin wadda ba na so in tuna. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe, masu kawo ruwa sai sun yi tafiya mai nisa, abin da suke kawowa ma ja ne, rabi laka. Ruwan alwalar Malam a tasa nake tara shi in wanke tsumman goyo. A irin wannan hali ba zan ɗebi ruwan randa in zuba wa abin da ba a ci ba, ko ni sai in ji kunyar kaina. Sai na yi dabara. In na wanke surfen gero, ƙasarin nan fari da ake ba awaki, sai in rage kaɗan a ƙoƙo, in ƙasar ta bushe in zuba mata a gindi. Ta kuwa karɓa, ta ƙara kore. Ina jin kaina mai wayo.

Ran nan da hantsi ina durƙushe gaban tukunyar, ƙoƙon ƙasari a hannuna, ina zubawa a hankali ina magana. Na saba yi mata magana, tunda ba ni da wanda zan yi wa ƙorafin Modu. Ina cewa, "Sha, ke dai kina nan, ki dawo mini da shi lafiya in huta." Ban ji shigowar kowa ba. Gwaggo Kellu ce, ƙanwar uban Malam, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensa. A bayan gidanmu take, ba ta sallama in za ta shigo, a ganinta gidan ɗanta ne. Mace ce mai salla da azumi, mai son Malam kamar ranta, bakinta kuwa ba ya riƙe komai.

"La'ilaha illallahu! Falmata, me nake gani?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Shukar Modu ce nake ba ruwa."

"Ruwa? Wannan farin ne ruwa? Ke, ni za ki yi wa wayo? Na zauna a ƙauyukan Durum, na ga yadda Anna suke zuba farin gero a gindin tinya suna roƙo. Ga tinya, ga farin gero, ga roƙo na ji da kunnena. A ɗakin Bukar! A gidan da aka gina masallaci!"

Na bi ta har zaure ina rantsuwa, ina cewa ƙasari ne, rashin ruwa ne, ba tinya ba ce, ko nono ba ta fitarwa in an yanka. Ina! Ta riga ta yafa mayafi. Kuma in kun tsaya kun duba da idonta, me za ta gani? Anna, mutanen karkara da ba su karɓi salla ba a lokacin, haka suke yi wa tsafinsu, shuka marar ganye mai ƙaya, a zuba mata farin ruwan gero, a faɗi bukata. Ni da aka haifa a Birni ban taɓa gani ba, shi ya sa ko a mafarki ban kawo haka ba. Ba don mugunta ta faɗa ba. Ta je neman shawara ne wurin aminiyarta yadda za a ceci ɗanta, aminiyar ma ta nemi shawara wurin tata aminiyar. Kafin la'asar magana ta kai bakin kasuwa.

Mata suka daina aiko yara sayen turare. Wadda ta zo ma a tsakar gida take tsayawa, tana satar kallon ƙofar ɗakina, ta ƙi shan ruwan gidana. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da ya faru a masallaci. Daga tsakar gida ana jin salla, kuma na san ƙarar amin ɗin unguwarmu in sahu ya cika. Sai na ji tana raguwa. Magariba ta yau ba ta kai ta jiya ba. Mutane suka fara zagayawa wani masallaci, waɗanda a gabansu Malam ya girma. Yana dawowa ya zauna ya ci tuwo kamar ba komai, ni kuwa in tashi in zauna, in fita tsakar gida in dawo.

Sai dattawan unguwa suka zo zaure. Na laɓe a bayan bango, ba zan ɓoye muku ba. Babbansu ya yi magana da ladabi, ya ce tsohon liman ya ce a nemi wanda zai gaje shi kafin watan nan ya mutu, kuma kowa ya san gidan da abin ya dosa. Amma jama'a ba za su bi mutumin da ake zuba wa gunki gero a ɗakinsa ba. Ya fito da abin nan ƙofar gida, a ƙone shi gaban kowa, magana ta mutu, a naɗa shi. In ba haka ba za su ba Malam Sanda. Sanda kuwa a zauren nan da suke zaune ya sauke Alƙur'ani, a hannun ubanku. Malam ya ce musu shuka ce kawai, ajiyar surukinsa, fure take yi. Suka ce to a fito da ita su gani. Ya ce ta kama bango, ba ta fitowa sai a yanke. Su kuma ba za su shiga ɗakin matar aure ba, shi ma bai ce su shiga ba, wannan ba abin da ake ko furtawa ba ne a lokacinmu. Suka tashi a kan haka.

Suna fita na ɗauki wuƙar da nake yankan itacen turare na shiga ɗaki. Ku saurara da kyau, don nan ne aka juya muku labari. Ni na ɗauki wuƙa. Na kama reshen da ya fi kauri, ƙaya tana shiga tafina ban ko ji ba, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu ta baya.

"Sakar mini hannu, Malam."

"Me za ki yi?"

"Abin da suka ce. In yanke, ka kai musu su ƙone, kowa ya huta. Modu in ya dawo na san abin da zan gaya masa. Ko in ɓoye ɗan guntu a bayan randa in sake dasawa, wa zai sani?"

"Falmata, zauna."

Na ƙi zama. Ya karɓe wuƙar ya ajiye a kan taga.

"Kin taɓa yi mata yanka?"

"Subhanallahi, Malam!"

"Kin taɓa sa rai ita za ta ba ki wani abu?"

"Ni? Igiya?"

"To in na ɗauke ta na ƙone a ƙofar gida gaban jama'a, me na gaya musu? Na gaya musu gaskiyarsu ne, matata tsafi take yi, na kama ta, na wanke gidana. Ni su ba ni limanci, ke ki zauna da wannan suna har ki mutu. Yarinyar da ke bayanki ta tashi da shi. Ranar da za a zo neman aurenta sai wani ya tuna."

"Na yarda. Ni na ce na yarda."

"Ni ban yarda ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya sa wuƙar a aljihu ya fita. Kada ku zaci daɗi na ji. Haushinsa na ji, haushi mai tsanani. Na ga mutum zai zubar da abin da kakansa ya gina saboda ni, kuma ya hana ni hanyar da zan hana shi. Kwanakin da suka biyo ban san yadda na yi su ba. Na aika wa matar tsohon liman ta zo ta gani da idonta, ta ce ƙafarta na ciwo. Na aika wa Gwaggo, ta ce ba ta ƙara taka gidan sai an fid da abin. Na roƙi Malam da safe, na roƙe shi da dare, na yi masa kuka, na yi masa gaba, na ce zan tafi gidan dangin uwata a Takeita in bar masa ɗakin ya yi yadda ya so. Ya ce in na tafi ma cewa za a yi korata ya yi, duk ɗaya ne. Kullum da asuba sai in fita in duba wata, in ga ya ƙara ramewa.

Ana cikin haka aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Wata safiya na ga wani ƙullutu mai gashi a jikin reshen da ke kusa da taga. Na zaci ciwo ne, har na nemi toka. Kwana kaɗan ya yi tsawo, ya lanƙwasa wuya, bakinsa ya kumbura ya kai dunƙulen hannu. Sai na tuna maganar Modu. Na daina taɓa ta sam, na hana kowa jingina da bangon, goyona ma na daina sauke ta a wajen. Na sa rai a kan ƙullutun nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ya sa. Na ce in dai suka ga fure ne, ai magana ta ƙare.

Daren da ya buɗe, an idar da lisha, wata ya kusa mutuwa, gari ya yi duhu. Ƙamshi na fara ji. Ni da hancina ya san kajiji, ya san sandal da farce da miski tun ina yarinya, ban taɓa jin irinsa ba, mai sanyi, mai zaƙi, ba hayaƙi ba garwashi. Na ɗaga fitila. Bakin ƙullutun ya tsage, yana buɗewa a gaban idona, a hankali, har ana ganin motsinsa. Na ƙwala wa Malam kira. Muka tsaya mu biyu muna kallo har ya gama buɗewa, faɗinsa ya kai faifai, cikinsa fari fat, bayansa wasu siraran harsuna ruwan zuma sun kewaye shi. Malam ya yi ta tasbihi a hankali. Ni kuwa ko daɗin kallon ban samu ba, don na san kafin asuba babu shi.

"Malam, je ka kira su."

"Yanzu? Su shigo nan?"

"Su shigo. Zan koma madafa in rufe fuskata, ba za su ga ko ƙafata ba. Su zo su gani da idonsu. Don Allah, Malam. Don darajar iyayenka."

Ya daɗe yana kallona. Na san abin da nake roƙo, malami ya bi gidaje cikin dare yana gayyatar maza ɗakin matarsa. Ya sa takalmi ya fita. Na koma madafa na zauna, na tashi, na leƙa, na koma. Ina jin bugun ƙofofi daga nesa, ina jin karnuka. Ƙamshin nan kuwa ya cika gidan, ya tsallake katanga. Ina jin matan maƙwabta sun farka suna tambayar juna turaren wa ke nan, wata ta ce ba turaren mutane ba ne wannan, ba hayaƙi, ta ja a'uzubillahi ta rufe ƙofa.

Babu namiji ko ɗaya da ya zo. Wani ya ce a bari sai da safe. Wani ya ce abin da ba ya buɗe ido sai dare ai ya faɗi ko shi wane ne. Babbansu ya kama hannun Malam ya ce masa cikin tausayi, "Bukar, je ka kwanta, an juya maka kai." Da Malam ya dawo mutum ɗaya ce a bayansa, Gwaggo Kellu, tana tafe tana karanta duk abin da ta haddace. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga. Malam ya ɗaga mata fitila. Ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta kai hancinta. Ta sa yatsa ta taɓa gefensa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Fure ne," in ji ta. "Bukar, ashe fure ne. Wayyo ni Kellu, me na yi wa ɗana?"

Ta ce gari na wayewa za ta bi gida gida ta warware abin da ta faɗa. Ta kuwa bi, har ƙarshen ranta tana bi, amma masu saurarenta cewa suka yi ita ma an shanye ta a daren. Mu uku muka zauna a ɗakin. Can wajen kukan zakara na fari furen ya fara sunkuyar da kai. Kafin kiran salla ya rufe, ya yi laushi, yana rataye kamar wuyan kazar da aka yanka. Ko da wani ya zo da safe abin da zai gani ke nan.

Malam ya yi alwala ya fita asuba kamar kullum. Na tsaya a tsakar gida da goyo a baya, na kasa kunne. Aka ta da iƙama. Muryar da ta ɗauki Fatiha ba tasa ba ce. Amin ɗin da ta biyo baya kuwa ta cika, irin wadda na daɗe ban ji ba, duk waɗanda suka gudu sun dawo. Na zauna a kan turmi. Ina nan zaune har ya shigo.

"Wa ya ja?"

"Malam Sanda."

"Kai fa?"

"Na bi shi. Karatunsa ya yi kyau, babu inda ya nemi gyara."

Ya zauna a kan tabarma ya ce in ba shi kunu. Na zuba, rabi a ƙasa. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri ya girgiza kai, ya ce ba ni da abin ba da haƙuri a kai, kada in ƙara. Ya riƙe ƙoƙon bai sha ba, yana kallon cikinsa, sai na ga hawaye ya ɗiga a kunun. Ban taɓa ganin hawayen ubanku ba sai ranar, ban kuma ƙara gani ba. Ya share da hannun riga, ya shanye kununsa. Da azahar ta yi ya sake alwala, ya koma masallacin kakansa ya tsaya a bayan Sanda, kuma a nan ya yi ta tsayawa sau biyar a yini har Allah Ya karɓi ransa.